Tambayoyin masu karatu kan labarin Hajiya da dillalan tsofaffin kaya a Yamai

Tun da labarin nan da na rubuta ya shiga hannun mutane tambayoyi ba su yanke mini ba, wasu a waya, wasu a gidan biki, wasu a bakin shagunan da labarin ya ɗauko kamanninsu. Ga wanda bai karanta ba: labarin wata Hajiya ce ƴar asalin Tawa, mijinta ya rasu, tana sayar da tsakiya da murjani da tsofaffin tasoshi a layin masu kayan dā a Yamai. Wata safiya aka iske maƙwabcinta, wani dattijon dillali, ya rasu a cikin shagonsa, takobin da ya fi ji da shi ya ɓace, kuma kowa a layin yana da abin da yake ɓoyewa. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa, na bar su yadda aka yi mini su. Wanda bai kai ƙarshen littafin ba ya kwantar da hankalinsa, ba zan faɗi wanda ya aikata ba.

Malama, an ce labarin kisa ne, amma ban ga jini ko ɗigo ba. Me ya sa?

Da gangan na yi haka. Labarin bincike iri-iri ne. Akwai mai bindiga da tseren motoci, akwai kuma salon da ya yi tashe a Ingila a shekarun 1920 da 1930, wanda har yau ake rubutawa a harsuna da yawa: wuri ƙarami inda kowa ya san kowa, mutuwa tana faruwa a bayan labule, mai binciken ba ma'aikacin hukuma ba ne, babu batsa, babu ashar. Daɗinsa yana cikin tunani, mai karatu na bin sawu tare da mai bincike har su tsaya a ƙofa ɗaya. Shi na zaɓa.

Ina da dalili na kaina kuma. Duk mai kunna rediyo da safe a ƙasar nan ya san irin labaran da ke zuwa daga Tilaberi da Difa da arewacin Tawa. Jini bai zama abin nishaɗi a wurinmu ba. Ina son littafin da uwa za ta karanta ta miƙa wa ɗiyarta ba tare da ta tsallake mata shafi ba. Wani saurayi ya ce mini labarin ba shi da zafi. Na ce ya koma babin zaman makoki, inda ƴan layin suka zauna a tabarma ɗaya suna amsa gaisuwa, kowa na satar kallon ɗan'uwansa, kowa ya san mai yiwuwa wanda ya yi aika-aikar yana cikin masu cewa Allah ya jiƙansa. Wannan shi ne zafin da nake da shi.

Me ya sa tsohuwa ce ke bincike? Ina ƴan sanda, ina jandarmomi?

Suna nan a ciki, kuma ban mayar da su wawaye ba. Sufeton da aka turo daga kwamisariya ya yi aikinsa, ya duba, ya rubuta, ya yi tambayoyi. Abu biyu ne suka tare shi: da ya shigo layin kowa ya ɗinke bakinsa, sannan bai san kaya ba. An nuna masa kube babu takobi, ya rubuta kube ɗaya. Hajiya ta ɗauki kuben nan ta juya shi, ta ga ɗinkin fatar sabo ne, alhali marigayin ya yi shekaru yana cewa tun zamanin kakansa baduku bai taɓa shi ba. Daga wannan ɗinkin binciken ya fara.

Mace mai shekarunta tana shiga inda sufeto ba zai shiga ba. Tana zama da matar marigayi a ɗakin takaba. Yaran shago suna ce mata Inna, suna faɗa mata abin da ba za su faɗa wa ubangidansu ba. Alhazai suna hira a gabanta kamar ba ta wurin, ita kuwa tana zaren tsakiyarta tana ji. Mata masu karatu su suka fi son wannan, da yawa sun ce mini sun ga gwaggonsu a jikinta. Wasu maza sun ce mace a wannan sana'a ba a saba gani ba. Gaskiya ne shagunan galibi na maza ne. Amma wa ke yawo gida-gida da kumbo da tasa da ƴan kunne na matar da kuɗi suka yanke wa, ta sayar a asirce ta karɓi la'adarta? Dillaliya ce, tun kafin a gina shago ko ɗaya a unguwar Plato. Hajiya daga nan ta taso.

Shagunan da ke cikin labarin da gaske suna nan?

Layin ƙirƙirarsa na yi, mutanensa ma haka, kada kowa ya tafi neman shagon marigayi. Amma wanda ya san shagunan unguwar Shato zai gane akwatunan gilashi da aka jera azurfa a ciki, da sirdin raƙumi da ƙura ta rufe, da takubban da ke rataye a bango. Mize, wato Gidan Tarihi na Ƙasa mai sunan Bubu Hama da aka buɗe a 1959, yana ciki da sunansa, da rumfunan maƙera da masaƙa da dukawa, da ƙasusuwan dinozor na Gadufawa, da ragowar itaciyar Tenere wadda mota ta kaɓe a 1973. Ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata yana ciki. Kasuwar Katako ma haka, can yaron shago ya tafi neman tsohuwar tagulla a wurin masu narkarwa.

Wasu ƴan Yamai da suka daɗe a waje sun ce layin ya yi shiru fiye da yadda suka san shi. Haka yake yanzu. Masu sayen waɗannan kaya annasara ne, ƴan yawon buɗe ido da ma'aikatan proje da na ofisoshin jakadanci da sojoji. Tawayen arewa na 2007, da sace-sacen Turawa a 2010 da 2011, da harin Kure na 2020, kowanne ya rage su, sannan bayan juyin mulkin 2023 da yawa daga waɗanda suka rage suka tafi. Dillali yana iya buɗe shago mako guda bai yi ciniki ba. Bashin da ya yi wa mutanen labarin katutu daga nan ya fito.

Maganar liyari mai shekarar 1780, gaskiya ce ko ƙirƙira?

Gaskiya ce tsantsa, kuma ita ce tambayar da aka fi yi mini. A labarin, wani ya sayar da abin wuya a kan cewa ya haura shekara 240, hujjarsa kuwa ita ce 1780 da ke rubuce a jikin liyarin da ke tsakiyarsa. Hajiya da jin haka ta san ko dai mutumin bai san sana'a ba, ko kuma ya sani sarai.

Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya ta rasu a 1780. Kafin nan kuɗin azurfa mai hotonta, wato liyari, ya riga ya samu karɓuwa a ƙasashen Larabawa, daga nan ya bi fatake zuwa Habasha da Borno da ƙasar Hausa, har ya zama mutane ba su yarda da wani kuɗin azurfa kamar yadda suka yarda da shi ba. Saboda haka aka ci gaba da buga shi bayan rasuwarta ba tare da an canza shekarar ba. An buga shi a Biyana, sannan a shekarun 1930 da 1940 an buga shi a Roma da Landan da Paris da Bombai, kuma har yau gidan buga kuɗi na Ostiriya yana fitar da shi da wannan shekara. Nauyinsa wajen gram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Maƙera sun narkar da su ba adadi sun yi mundaye da zobba da abin wuya. Ke nan 1780 ba ta gaya maka shekarun tsabar da ke hannunka. Abin da masana ke dubawa shi ne yadda ta siɗe, da yadda aka liƙa mata kunnen rataya, da wasu ƙananan bambance-bambance a zanen da ke nuna gidan da ya buga ta.

Wani malamin lakkwal mai ritaya ya kira ni ransa a ɓace, ya ce ya ciro na mahaifiyarsa ya duba, yanzu ya rasa abin da zai ɗauke shi. Na ce masa Malam, in nauyin ya cika azurfarka ta gaske ce. Sannan kai ka san wuyan da ya rataye ta, ka san garin, ka san wanda ya saya mata da ranar da aka ba ta. Wannan sanin shi ne abin da masu saye ke biyan kuɗi a ƙaga musu. A wannan sana'a rabin abin da ake sayarwa kaya ne, rabi labari, kuma aikin Hajiya daga farko har ƙarshe shi ne ta ɗora labarin a kan kayan ta ga ko sun dace.

Ɗiyata, kin ɓata mana suna. Yanzu kowa zai ce dillalan kayan dā maƙaryata ne.

Wani dattijo ne ya faɗa mini haka a gaban shagonsa, kuma maganar ta zauna mini, don haka zan amsa masa a nan yadda na amsa masa a can.

Baba Alhaji, ni ɗiyar gidan wannan sana'a ce. Ƙanen mahaifina ya yi rayuwarsa tsakanin Tawa da Yamai da Abijan da ita, da ita aka biya mana kuɗin lakkwal. Na san ƴan kasuwar Hausa, da yawansu ƴan Nijar, su suka ɗauki cinikin kayan gargajiya a Afirka ta Yamma, daga Abijan zuwa Lome da Dakar, wasu har Harlem a Amurka. Na san mutumin da bai taɓa zama a aji ba amma zai ɗauki dutsen wuya ya ce maka wannan gilashin Benis ne, wancan aƙiƙ ne na Indiya, wancan kuma a Jamus aka sassaƙa shi don kasuwar Abzinawa, kuma in ka bincika ka iske haka ne. Irin wannan ilimi babu jami'ar da ke koyar da shi a nan, kuma yana tafiya kabari tare da masu shi. Rabin dalilin rubuta labarin ke nan.

Duba mutanen layin da kyau. Akwai maƙaryaci, akwai wanda ya ga ƙarya ya yi shiru don yana bin bashi, akwai wanda aka kawo masa kayan sata ya mayar wa masu shi ya yi asarar kuɗinsa. Marigayin kansa ya ƙi sayar da gafakar wani malami duk da yana cikin matsi, don an ba shi ita ajiya ne. Da na cire maƙaryacin, ku da kanku za ku ce ban san kasuwa ba.

Kuma ban bar mai saye ya fita da hannu fari ba. In ka ce wa annasara wannan munduwa bara aka ƙera ta a Mize, sai ya ajiye ya wuce. In ka ce ta ɗiyar wani sarki ce, sai ya zauna. Shekara da shekaru yana koya wa kasuwa abin da yake son ji, kowa ya sayi rariya kuwa ya san za ta zubar da ruwa. Sannan kayan su isa Paris ko Burasel a ninka kuɗinsu, a rubuta sunan Baturen da ya taɓa mallakarsu a takarda, sunan dillalin Yamai da na ƙauyen da aka ɗauko su ba za su fito ko'ina ba. Wannan ma yana cikin littafin, a bakin Hajiya.

Da gaske ana tsufar da sabon kaya?

Ana yi, kuma duk wanda ke cikin harkar ya sani. Sabon sassaƙe ana rataye shi a madafa hayaƙi ya dafa shi, a shafe shi da man kaɗe ko ruwan goro ko kanwa, wani a binne shi gara ta ɗan taɓa shi. Tagulla ana jiƙa ta har ta yi kore. Takobi kuwa, tsofaffin ruwan takubba da yawa daga Turai suka zo, musamman Solingen ta Jamus, da tambarinsu a jiki, kuma maƙeranmu sun daɗe suna kwaikwayon waɗannan tambura, wasu don ado da neman sa'a, ba don zamba ba. Don haka tambari kaɗai ba hujja ba ce, shi ya sa Hajiya ba ta tsaya a kansa ba.

Abin da take dubawa shi ne inda hannu ke taɓawa. Akushin da aka ci tuwo a cikinsa shekara hamsin yana siɗewa a baki da gindi, ba ko'ina daidai wa daida ba. Dutsen wuyan da ya daɗe a zare raminsa yana faɗaɗa ta gefe ɗaya. Munduwa tana santsi ta ciki. Mai tsufar da kaya yana tsufar da inda ido ke gani, ya manta da inda jiki ke gogawa. Wata mai karatu ta ce tun da ta gama littafin ba ta iya ɗaukar ludayi ba tare da ta juya shi ba. Wannan magana ta faranta mini rai ƙwarai.

Abu ɗaya nake so a riƙe: sabon aiki ba jabu ba ne. Maƙerin da ya zuba abin wuyan Agadas ko na Tawa ko na Ingal da kakin zuma jiya, ya ce jiya ya yi shi, aikinsa na gaske ne kuma ya cancanci kuɗinsa. Ƙaryar tana shiga ne lokacin da aka ƙara masa shekarun da ba nasa ba.

Me ya kawo tukwanen Bura cikin labari mai sanyi irin wannan? Babin ya yi nauyi.

Ya yi nauyi, kuma ba zan sauƙaƙa shi ba. A 1975 aka gano wurin, Asinda-Sikka kusa da Bura a yankin Tera. A 1983 masanin tarihin ƙasa Bube Gado da abokan aikinsa na cibiyar binciken IRSH suka tona shi bisa ƙa'ida, suka iske maƙabarta mai ɗaruruwan tukwane dogaye a kife, wasu da kawunan mutane a samansu, wasu da mahaya dawaki. An ƙiyasta wannan al'ada tsakanin ƙarni na 3 da na 13. A 1993 aka kai wasu daga cikinsu wani babban baje koli kan kwarin kogin Isa, wato Neja, a Paris, duniya ta gan su, daga nan farashi ya tashi. Cikin ƴan shekaru aka bi wuraren da haƙa, ana fasa tukwane ana cire kawuna. A 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura a jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata, tare da na Nok na Najeriya da na Jenne na Mali.

Abin da ya sa nake bambanta wannan da sauran kayan layin shi ne, mundayen kakarki in kin sayar kin rabu da abinki ne, kin san labarinsa, kina iya faɗa wa jikokinki. Tukunyar da aka fizgo daga ƙasa da dare kuwa ta rabu da duk abin da zai sa a fahimce ta: zurfin da take, abin da ke kusa da ita, ƙashin da ke ƙarƙashinta. Mutanen da suka yi ta ba su bar mana rubutu ba, ƙasar nan ce kaɗai littafinsu. Ko gwajin da ake yi a Turai don gano lokacin da aka gasa yumɓu ba ya dawo da wannan, kuma masu zamba sun koyi haɗa tsohon gutsure da sabon yumɓu don gwajin ya fito daidai.

Ban zana manomin da ya yi haƙar a matsayin mugu ba. Damina ta ƙi, wani ya zo da kuɗi a hannu. Wani mai karatu daga Tera ya ce wannan ne ya sa ya yarda da littafin. Amma wanda ya turo motar ya san abin da yake yi.

Halal ne Musulmi ya sayar da gumaka?

Wannan tambaya ta malamai ce, a kai musu. Abin da na yi shi ne na nuna yadda take damun mutanen sana'ar. A labarin akwai wanda ke ce wa kayan itace kawai, ba ya bauta musu, ba ya kai su gidansa, yana wanke hannu ya tafi masallaci. Akwai wanda ya dawo daga Makka ya kwashe su duka daga shagonsa ya koma kan duwatsun wuya da saƙi da kayan fata. Na san irin waɗannan mutane biyu a zahiri, suna shan shayi tare, kuma ban ga dalilin da zai sa in raba musu gardama a littafi ba.

Na gano mai laifin tun tsakiyar littafi. / Ni kuwa an yi mini wayo, babu yadda za a yi in gano.

Na haɗa su don a rana ɗaya aka faɗa mini su. Ga mai cewa an yi masa wayo: duk abin da Hajiya ta gani an nuna maka a lokacin da ta gan shi. Ɗinkin kuben, da wanda ya ce bai taɓa shiga shagon ba amma ya san inda ake ajiye gawayi, da kuɗin da aka ƙidaya da dala aka maimaita da jika lissafin bai zo ɗaya ba. Babu baƙon da ya faɗo daga sama a babin ƙarshe, babu boka, babu mafarki. Wannan alkawari ne tsakanin mai rubuta irin wannan labari da mai karanta shi, kuma na riƙe shi. Ga wadda ta gano da wuri: madalla da idonki. Na lura yawancin masu ganowa da wuri ƴan kasuwa ne, wurin lissafin kuɗin nan suke kama shi.

Shayi da hira sun yi yawa. Ba za a iya rage su ba?

A layin masu tsofaffin kaya ba a ciniki a tsaye. Za a shimfiɗa maka tabarma, a ɗora shayi, na farko da na biyu da na uku, ka taya a ce albarka, a koma hirar iyali, a dawo. Wanda ya tashi kafin na uku ya faɗi wani abu game da kansa ko bai buɗe baki ba. Yawancin abin da Hajiya ta gano a tsakanin kofi da kofi ta ji shi. Dambu da kopto da ake aiko mata da rana, da cukun da ƴar'uwarta ke turowa daga Tawa, su kam na sa su ne don ina son su, kuma ƴan Adar, wato yankin Tawa, da ke Abijan sun ce mini wurin nan ne ya sa su kewar gida.

Mu a Kano da Zariya wasu kalmomin sun ba mu wahala.

Mutanen labarin ƴan Yamai ne, suna magana yadda ake yi a Yamai, Hausar Adar da ta Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, a haɗe da Faransanci da ɗan Zabarmanci. Da na sa su magana kamar ƴan Kano da sun zama wasu mutane daban. Na yi ƙoƙari kowace kalma a gane ta daga abin da ke kewaye da ita, kuma mu ma haka muka karanta littattafanku shekara da shekaru muka ji daɗinsu.

Ina da tsofaffin kayan gado a gida. In sayar ko in riƙe?

Ba zan ce wa mai buƙata kada ya sayar da abinsa ba. Amma kafin komai, a zauna da tsofaffin gida a rubuta abin da suka sani: na wane ne, daga ina ya zo, a wane biki ko yaƙi ko tafiya. A ɗauki hoto. Kada a goge shi da toka ko omo don ya yi ƙyalli, gogewar na rage masa daraja. In kayan magada ne a tabbata kowa ya yarda, rabin rigimar littafin daga nan ta taso. Kada a sallama wa mai tayi na farko, a nuna wa mutum biyu ko uku da ba su san juna ba.

Akwai kuma kayan da ba na sayarwa waje ba ne. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi ta 30 ga Yuni 1997, kuma tana cikin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da ta hana fataucinsu ba bisa ƙa'ida ba. Abin da aka tono daga ƙasa, tukunya ce ko ƙashin dinozor ko makaman dutse na Tenere, hukuma ake sanar wa. Mun ga abin da ya faru da dutsen nan da ya faɗo daga duniyar Mars, mai nauyin kusan kilo 25, da aka tsinta a jihar Agadas a 2023, aka yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 a kan fiye da dalar Amurka miliyan 5, sai daga baya gwamnati ta buɗe bincike kan yadda ya fita.

In kuwa littattafan malamai ne na hannu, da Larabci ko ajami, ina roƙo da babbar murya kada a raba su warƙa-warƙa. IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni tana da sashen da ke adana dubban irinsu, aikin da Bubu Hama ya faro. A je a nemi shawararsu kan yadda za a kare su daga gara da damshi, ko da a gida za a ci gaba da riƙe su.

Za a samu na biyu?

In Allah ya yarda. Hajiya za ta hau mota ta bi ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni ta je Tawa bikin jikarta, a can za ta iske gardama kan wani adudu na littattafan wani malami da magada suka buɗe suka ga babu rabinsu. Masu tambaya ko sufeton zai dawo, zai dawo. Masu tambaya ko Hajiya za ta sake aure kuwa, ta ce in gaya muku ba yanzu ba.